Nutso da Halittun Ruwa: Daga Tsibiran Tafkin Lagdo zuwa Teku

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a unguwar Dugoi ta birnin Marwa, a arewacin Kamaru, ya san kogi iri biyu ne a wuri guda. Da rani, Mayo Kaliyawo yashi ne tsantsa, ana ratsa shi da ƙafa, ana kuma tona shi a nemi ruwa. Da damina kuwa sai ya cika ya tumbatsa, yara su yi ta iyo a gefensa. Kifin da yaron yake gani a kasuwa, ɗanye ko banda, daga wani wuri aka kawo shi, kamar Tafkin Maga ko Kogin Logon ko Tafkin Lagdo da ke kusa da Garwa. Wato ya san kifi a faranti, amma bai san gidan kifi ba.

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan gidan kifin, da kuma yadda ɗan Adam yake shiga cikinsa. Za mu fara da kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage. Daga nan sai mu duba Tafkin Lagdo da tsibiransa da halittun da ke ciki. Bayan haka za mu yi bayanin nutso iri biyu, na riƙe numfashi da na tukunyar iska, da haɗarin kowanne. A ƙarshe za mu kwatanta abin da mai nutso yake tararwa a tafki da abin da yake tararwa a gefen wani ƙaramin tsibiri na teku.

2.0 Kalmomin Shiga Ruwa

Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmomi guda shida. Iyo da ninƙaya su ne tafiya a saman ruwa da taimakon hannu da ƙafa. Nutso shi ne shiga ƙarƙashin ruwa da gangan. Kurme kuwa shi ne a nutsa a nan, a yi tafiya ta ƙasa, a ɓullo a can. Fito sana'a ce ta ƙetarar da mutane da kaya a jirgi, shi kuma su, kamun kifi ke nan.

Saiwar nuts- tana ba mu kyakkyawan misali na yadda wasalin ƙarshe yake sauya ma'anar aikatau. Dubi waɗannan jimloli:

(a) Masunci ya nutsa cikin ruwa.
(b) Jirgin ya nutse.
(c) Iska ta nutsar da jirgin.
(d) Yara suna nutso a rafi.
(e) Yaron ya nutsu.

A jimla ta (a) mutum ne ya shiga da kansa. A (b) abu ya tafi ƙasa gaba ɗaya, ba da son kowa ba. A (c) wani abu ne ya jawo nutsewar. A (d) an sami suna na aikin. A (e) kuwa ma'anar ta bar ruwa ta koma zuciya, wato hankali ya kwanta. A wasu kare-karen harshe ana cewa nitse da nitso da natsuwa. Za mu ga a gaba cewa dangantakar nutso da nutsuwa ba ta tsaya ga nahawu kawai ba.

3.0 Tafkin Lagdo da Tsibiransa

Kogin Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya biyo ta Garwa, ya shiga Nijeriya ta wajen Yola, ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Tsakanin shekarar 1977 da 1982 wani kamfanin ƙasar Sin ya gina madatsar ruwa a kansa, a wani matsatsi tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tsayin madatsar mita 40 ne, tsawonta kuma mita 308. An kafa injuna huɗu masu ba da wutar lantarki megawat 72 gaba ɗaya, domin amfanin arewacin ƙasar. Ruwan da ya taru a bayan madatsar shi ne Tafkin Lagdo, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 586.

Da ruwa ya hau, sai ya shanye gonaki da kufai da itatuwa. Kawunan duwatsu da tuddai ne kawai suka rage a sarari, su ne suka zama tsibirai. Biyu daga ciki sun fi suna. Ɗaya ana kiransa Madagaska, an ara masa sunan babban tsibirin nan na Tekun Indiya, kuma masunta ne suke zaune a kansa. Ɗayan kuwa sunansa na Faransanci yana nufin tsibirin rema, saboda remayen da ke zaune a kogunan duwatsunsa.

Sabon tafki yakan cika da kifi a shekarunsa na farko, domin ciyawa da ganyen da ruwa ya rufe suna ruɓewa su zama abinci. Haka aka yi a Lagdo. Lokacin kuma ya zo daidai da farin da ya janye Tafkin Chadi a shekarun 1970 da 1980. Don haka masunta suka yi ta kwararowa: Musgum da Kotoko da Masa daga yankin Logon, da Hausawa da wasu ƙabilu daga Nijeriya, har da mutanen Mali. Fulatanci ne harshen cuɗanya a wannan yanki, amma a bakin ruwa da kasuwar kifi ana jin Hausa sosai.

4.0 Mazauna Ruwan

Ruwan Binuwai ba garau yake ba, musamman da damina, lokacin da yake ɗauke da laka. Saboda haka halittun cikinsa da yawa ba da ido suke neman abinci ba. Ga kaɗan daga cikinsu.

Giwan ruwa shi ne sarkin kifayen wannan kogi. Yana cin 'yan'uwansa kifaye, kuma babbansa yana iya kai tsawon mita 2. Karfasa ita ce ta fi yawa a kasuwa. Abin sha'awa game da ita shi ne, uwar takan ɗauki ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin komai a tsawon kwanakin. Ko bayan ƙyanƙyasa, in 'ya'yan suka ji motsi sai su ruga su koma bakin uwar.

Tarwaɗa tana da gashin baki wanda take laluben abinci da shi cikin duhu. Tana kuma da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a tudu ba ta mutu ba. Gaiwa ta fi ta ma, domin ita huhu gare ta. In fadama ta ƙafe sai ta tona taɓo ta shige, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo.

Minjirya kuwa wutar lantarki ce makaminta. Babba tana iya sakin wutar da ta kai bolt 300 ko fiye, ta sumar da ƙaramin kifi, ta kuma girgiza duk wanda ya taɓa ta. Yauni shi ma yana fitar da lantarki, amma nasa mai rauni ne ƙwarai, ba na faɗa ba ne, na gani ne. Yana kewaye jikinsa da shi, duk abin da ya gitta sai ya ji sauyi. Wani masani na Jami'ar Kambirij mai suna Hans Lissmann ne ya bayyana wannan a shekarar 1951, bayan ya yi nazarin wannan kifi.

Akwai kuma wata halitta da ta ɗauki sunan Garwa ta kai shi littattafan kimiyya na duniya, wato kunamar ruwa. Ita faifai ce shimfiɗaɗɗiya mai doguwar wutsiya, a kan wutsiyar akwai ƙaya mai dafi. Takan binne kanta a yashi, wanda ya taka ta ya sha harbi. Danginta kusan duk a teku suke, ita kuwa a ruwan daɗi take zaune. Masana biyu Faransawa, Stauch da Blanc, suka bayyana ta a shekarar 1962, suka raɗa mata sunan kimiyya garouaensis, ma'ana ta Garwa. A yau tana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Daga cikin manyan dabbobi akwai dorina da kada da ayu. Dorina tana iya yin kimanin minti 5 a ƙarƙashin ruwa, kuma yawanci takawa take yi a ƙasan kogi, ba iyo ba. Da dare take fita kiwo. Tana da zafin kare wurinta, takan kife kwale-kwale, musamman in tana da ɗa. Ayu kuwa dabba ce mai shayarwa, mai sanyin hali, ciyawar ruwa take ci. An san ta sosai a Tafkin Lere na ƙasar Chadi, wanda Mayo Kebbi ya haɗa da Binuwai. Farautar da ake yi mata saboda nama da mai ta rage yawanta ƙwarai.

5.0 Nutson Riƙe Numfashi

Bahaushe bai jira na'ura ba kafin ya shiga ƙarƙashin ruwa. Sarkawa, wato masu sana'ar sarkanci, sun daɗe suna nutso su lalubo kifi a rami, ko su kwance komar da ta maƙale. A bikin kamun kifi na Argungu da ke Jihar Kabi, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934, har gasar nutso ake yi, ban da shiga ruwa da koma da gora. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa a shekarar 2016. A tafki irin na Lagdo, inda kututturan itatuwa suke tsaye a ƙarƙashin ruwa, raga takan sarƙe, dole wani ya nutsa ya kwance ta, domin raga jari ce.

Me ke faruwa da jikin mai nutso? Abu na farko shi ne matsi. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, amma mun saba da shi. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Duk zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar sama gaba ɗaya. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Iska kuma tana tsukewa in aka matsa ta. Saboda haka iskar da mutum ya shaƙa a sama takan koma rabin girmanta a mita 10. Wannan ne yake sa kunne ciwo. Maganinsa shi ne a toshe hanci a hura a hankali, ko a haɗiyi yawu, tun kafin ciwon ya fara. Wanda ya yi taurin kai, fatar dodon kunnensa tana iya fashewa.

Abu na biyu shi ne, jiki yana da dabarar tsimin iska. Da zarar ruwa mai sanyi ya taɓa fuska, bugun zuciya yana raguwa, jini kuma ya janye daga hannu da ƙafa ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Saifa ma tana matsewa ta saki ƙarin jini. Wani bincike da aka buga a shekarar 2018 ya nuna cewa mutanen Bajau na Indunusiya, waɗanda nutso ne rayuwarsu, saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kimanin rabi.

Babban haɗarin wannan nutso shi ne suma. Wasu matasa sukan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa, wai don su daɗe. Wannan ba ya ƙara iskar oksijin sosai, sai dai ya kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki lokacin fitowa ya yi. Mutum yana iya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji komai ba. Don haka ba a nutso sai da wani a sama yana kallo. Hausawa suna cewa iya ruwa fidda kai.

6.0 Nutson Tukunyar Iska

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Émile Gagnan, injiniya, suka ƙera na'urar da ta sauya harkar nutso. Ana kiran irin wannan nutso sukuba, kalmar da aka harhaɗa daga haruffan farko na wata jimlar Ingilishi mai nufin na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa wadda mutum yake ɗauke da abarsa.

Kayan aikin su ne: tukunyar ƙarfe da ake goyawa, wadda aka ɗura wa iska aka matse ta kimanin ninki 200, da madaidaicin iska, wanda ke rage ƙarfinta ya ba mutum daidai matsin ruwan da yake ciki duk lokacin da ya ja numfashi, da gilashin fuska, da takalma masu kama da ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma mai taimaka wa nutsewa, da rigar da ake hura wa iska ko a sace ta, da agogon da ke nuna zurfi da lokaci. A lura, abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne kamar na asibiti. Iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin.

Wannan nutso yana da dokoki, kuma kowace doka tana da dalili.

Ta farko, ba a riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya taso bai fitar da iska ba, iskar za ta ninka girma biyu kafin ya iso sama, ta yaga huhun. A nan ne ya bambanta da mai nutson gargajiya, wanda iskarsa daga sama ya zo da ita, ta tsuke ta kuma dawo yadda take.

Ta biyu, ba a tasowa da gaggawa. A ƙarƙashin matsi, naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. Dubi kwalbar lemo: in aka buɗe a hankali, iskar ta fita salin-alin, in aka ɓalle murfin farat ɗaya sai kumfa ta taso. Haka jini yake yi. Kumfar tana iya kawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa ake tasowa sannu sannu, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5. Wanda cutar ta kama, ana ba shi oksijin, a garzaya da shi wani ɗaki na musamman da ake matsa iska a ciki. Haka kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 zuwa 18 da fitowa.

Ta uku, ba a wuce iyaka. Daga wajen mita 30 naitirojin yana sa maye, mutum ya kasa tunani sosai. Iyakar masu nutson shaƙatawa mita 40 ce, sabon shiga kuwa mita 18.

Ta huɗu, ba a shiga sai da aboki, kuma a duba kaya tun a tudu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda ba a magana a ruwa, da hannu ake zance: babban yatsa sama yana nufin mu tashi, ba yana nufin lafiya lau ba. Duk waɗannan dokoki firgita ce take karya su. Wanda ya tsorata shi ne yake riƙe numfashi ya ruga sama. Ashe ke nan nutso ba ya yiwuwa sai da nutsuwa.

7.0 Tafki da Teku

Lagdo ba wurin nutson shaƙatawa ba ne. Ruwan yana da duhu, ga dorina da kada, ga tsofaffin raga da kututture. Ga kuma cutar tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi su huda fatar mutum. Nutso a irin wannan wuri aiki ne, ba wasa ba.

Mai son ganin ruwa garau sai ya gangara kudu. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da suka taso daga tudun Kamaru, suka bi ta Dutsen Kamaru, suka shiga teku suka zama tsibiran Biyoko da Firinsife da Sawo Tome da Annobon. A kudancin Sawo Tome akwai wani ɗan tsibiri mai suna Rolas, wanda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa ta kansa. Da yake yana nesa da bakin manyan koguna, ruwansa ya fi na gaɓa haske, mai nutso yana hangen nesa. Ƙasan ruwan baƙin dutse ne mai koguna da ramuka, inda kifaye masu launi iri iri suke fakewa. Kunkurun teku suna hawa rairayin waɗannan tsibirai su yi ƙwai.

A nan ne ake ganin murjani yana raye. Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, amma asalinsa ƙwarangwal ne na wasu ƙananan dabbobi da ke zaune jingim a wuri guda. Irin da ke gina tudu a teku yana zama tare da wasu ƙwayoyin tsiro a cikin jikinsa, su suke haɗa masa abinci da hasken rana. Don haka yana bukatar ruwa mai ɗumi, mai gishiri, mai haske. Wannan ne ya sa babu manyan tuddan murjani a gaɓar Afirka ta Yamma, domin koguna irin su Kwara suna zuba ruwan daɗi da laka mai yawa. Wato lakar da ta ratsa Garwa tana da hannu a yanayin teku. Wani abin lura kuma, ruwa yana shanye launi: ja ne yake fara ɓacewa tun daga 'yan mitoci kaɗan, shuɗi ne yake saura. Sai an haska fitila ake ganin ainihin launin abubuwa.

8.0 Matsaloli

Kifin Lagdo ya ragu idan aka kwatanta da shekarun farko. Masunta sun yi yawa, wasu kuma suna amfani da taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Saboda haka hukumar kula da kiwo da su ta Kamaru takan rufe kamun kifi a tafkin na wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kifi yake hayayyafa. Sare itatuwa da noma a bakin ruwa suna sa ƙasa ta zaizaye ta cike tafkin, ya rage ɗaukar ruwa. In kuma ya cika da damina dole a buɗe ƙofofi. Sakin ruwan Lagdo yana cikin dalilan da aka ambata na ambaliyar da ta auka wa Nijeriya a 2012 da 2022, tare da ruwan sama mai yawa. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Jihar Adamawa domin tare wannan ruwa ta daɗe a kan takarda. A teku kuma leda da ɗumamar ruwa da kamun kunkuru su ne manyan barazana.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa Hausa tana da kalmomi masu bambanta iyo da nutso da kurme, kuma saiwa ɗaya ce ta haifi nutsewa da nutsuwa. Mun ga yadda madatsar Lagdo ta haifar da tafki da tsibirai da sabuwar al'ummar masunta, da yadda halittun Binuwai suke rayuwa cikin ruwa mai duhu. Mun kuma ga cewa matsin ruwa shi ne tushen dokokin nutso, ko da na'ura ko babu. Aikin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya je wurin masunta ko masu sayar da kifi na garinsu, ya tattaro sunayen kifaye goma da na kayan su biyar, ya rubuta yadda ake furta su da karin sautinsu, sa'an nan ya kwatanta da waɗanda aka kawo a wannan takarda.